Ranar da Mama Ta Wanke Labule

Saura kwana goma sha tara Wendell Heikkila ya cika shekara goma sha takwas, ranar da matar kotu za ta zo ganinsa. Lissafin a kansa yake, domin tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake yinsa, tun ranar da likita ta ce masa, a gaban mahaifiyarsa, allurar da yake so ba za a yi masa ita ba sai uwa ta sa hannu, ko kuma ya jira ya kai goma sha takwas ya sa da kansa. Mama ba ta sa ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ninke takardar ta yi gida huɗu, ta jefa a jaka, ta ce, "Mu tafi kafin ƙanƙara ta rufe hanya." Shi kuwa ya fara ƙirga kwanaki.

An haife shi mace, aka sa masa Linnea, sunan kakarsa. An kuma haife shi da lalurar da ta ɗaure masa gaɓɓai: hannuwa ba sa zuwa inda ya aike su, ƙafafu ba su taɓa ɗaukarsa ba, harshe ya ƙi juyawa. Idanunsa kaɗai ke jin maganarsa. Da su yake karatu, kuma karatun ba na wasa ba, da su yake magana, ta wata na'ura da aka ɗaure a gaban kekensa, mai allo da 'yar kyamara a ƙasa wadda ke bin ƙwayar idonsa. Idan ya tsaida ido a kan harafi, harafin ya fito. Idan ya gama jimla, na'urar ta faɗe ta da murya. Da ita ce, yana shekara goma sha uku, ya gaya musu shi namiji ne, kuma sunansa Wendell. Jimlar ta ci minti shida, don sau biyu yana gogewa yana sakewa.

Kawu Duane, yayan Mama, wanda ke tuƙa motar share ƙanƙara a titunan birnin Duluth, shi ya fara magana a ranar.

"Wendell? Duk sunayen duniya, sai na tsohon da ke gyara mana famfo?"

Tun daga nan yake kiransa Tsoho. Mama kuwa sai da ta shekara kafin bakinta ya saba da "kai". Ta saba ɗin, ta aske masa gashi da hannunta, ta bayar da rigunan furanni, ta canza muryar na'urar zuwa ta maza. Sai dai idan ta tsorata, bakin yakan zame ya koma "ke". A kan allurar ce kawai ta kafe, allurar sinadarin maza da zai riƙa karɓa duk mako, wadda za ta sauya masa jiki.

A watan Disamba aka yi taron da makaranta ke yi da iyayen yara masu lalura. Wata ma'aikaciya ta ja Mama gefe ta ce mata, da zarar yaro ya kai goma sha takwas, asibiti ba zai ƙara gaya mata komai ba sai da izininsa, don haka yawancin iyaye sukan nemi kotu ta ba su riƙo tun kafin ranar. Mama ta nemi lauya, ta shigar da takarda. Ita da kanta ta gaya masa, wata safiya tana ba shi kunu da cokali.

"Ba don allurar ba ne," ta ce, tana goge masa haɓa.

Ya buga: "Don me?"

"Don komai. Don ranar da za a kwantar da kai babu na'urar, wani ya tsaya a kanka yana tambaya, ni kuma a ce in jira a waje."

"Har da allurar?"

Ta daɗe tana juya cokali a kwano. Mama ba ta iya ƙarya ba, wannan yana cikin abubuwan da suka sa jin haushinta ke da wuya.

"Har da ita," ta ce.

To, ga inda maganar ta tsaya. Idan alƙali ya ba ta riƙo, sa hannunta ne zai tsaya a wurin nasa a duk takardar asibiti, ba na shekara ɗaya ko biyu ba. Ranar haihuwar da ya yi shekara uku yana jira za ta zo ta wuce kamar kowace Talata. Kafin alƙali ya yanke, kotu takan aiko wani ya zo gida ya ga mutumin da idonsa, ya rubuta ko yana gane abin da ya shafe shi. Mako uku Wendell ya yi yana shirya amsoshi, yana adana su a na'urar, kowace a ƙarƙashin maɓallinta, don kada a gaji da jiransa.

Ranar Alhamis ɗin, tun safe Mama take aiki kamar mai jiran surukai. Ta goge ƙasa, ta gasa biskit mai kirfa, ta cire labulen babbar tagar falo ta kai injin wanki. Tagar ta rage tsirara, tana kallon fili fari fat da dusar ƙanƙara, sama kuma a lulluɓe da gajimare.

Kawu Duane ya shigo yana buga takalma a bakin ƙofa.

"Ke Lorna, shugaban ƙasa ne zai zo? Har labule ya ga ta kansa."

"Yaya, cire takalmin nan kafin in ci mutuncinka."

"Tsoho, ka ga yadda ake yi wa babba a gidan nan?" Ya sunkuyo ya gyara wa Wendell wuyan riga. "Kai, har da riga mai maɓalli. Aure za ka nema?"

Wendell ya buga: "Kai ma ka gwada wanka wata rana."

Kawu ya yi dariya har yana tari, ya saci biskit biyu, Mama ta make masa hannu da tsumma.

Ƙarfe ɗaya daidai matar ta iso. Madam Tollefson sunanta, doguwa, mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Ta gaisa da kowa, ta buɗe jakar takardu, ta dubi ta sama.

"A nan an rubuta Linnea."

"Wendell," in ji Mama da sauri, kafin ma ya kai ido ga allo. "Wendell ake kiransa."

"To, Wendell. Awa ɗaya gare ni, ƙarfe biyu da rabi ana jirana a wani gida. Ka san abin da ya kawo ni?"

Ya kalli maɓalli na farko. Na'urar ta yi magana tiryan-tiryan: abin da riƙo yake nufi, haƙƙoƙin da zai rasa, da dalilin da ya sa yake ganin ba ya bukatarsa. Ta tambaye shi magungunan da yake sha, ya kalli maɓalli na uku, na'urar ta jero su da lokutansu. Ta tambayi maganar allurar, ya kalli na biyar. Shi kansa ya ji daɗin jimlolin, don ya sha gyara su. Amma ya lura biron matar bai motsa ba.

"Amsoshi masu kyau," ta ce. "Wa ya shigar da su?"

"Shi mana," in ji Kawu. "Kina ganin ni zan iya wannan Turancin?"

"Na yarda da kai. Sai dai ban ga lokacin da aka shigar ba, kuma alƙali zai tambaye ni abin da na gani. Na taɓa zuwa gidan da uwa ce ta rubuta komai, na je wani da malamar makaranta ce." Ta juyo ga Wendell. "Zan yi maka tambayar da ba ka shirya ba. Ka ɗauki lokacinka. Idan ka fara allurar nan, daga baya ka daina, mene ne ba zai koma yadda yake ba?"

Tambaya mai sauƙi. Ya san amsar kamar sunansa. Ya koma shafin haruffa, ya tsaida ido a kan M.

A daidai nan gajimaren ya yaye.

Rana ta faɗo a kan dusar ƙanƙara, hasken ya yi tsalle ya shigo ta tagar da babu labule, ya cika falon, ya sauka a fuskarsa. 'Yar kyamarar nan da wani haske take bin ido, hasken da mutum ba ya gani, kuma rana tana ɗauke da irinsa fiye da kima. Idan ta yi yawa, kyamarar takan makance. Ɗigon da ke nuna inda yake kallo ya fara rawa, ya bar M, ya tsallake shafin gaba ɗaya ya faɗa shafin abinci.

"Ayaba," in ji na'urar da muryarta mai kauri. "Ayaba."

Ya runtse ido, ya sake buɗewa, ya nemi maɓallin komawa. Ɗigon ya zille.

"Barka da Kirsimeti."

Madam Tollefson ta ɗora tabarau a hanci. "Ba komai. Sake gwadawa."

Ya gwada. Hasken ya sa idanunsa ruwa, ruwan kuma ya ƙara rikita kyamarar. Jikinsa, wanda duk lokacin da ya matsu yake ƙara yi masa gardama, ya sandare, ƙafarsa ta dama ta miƙe ta daki ƙafar tebur, kofuna suka yi ƙara.

"Ina son zuwa bayan gida. Ayaba. Na gode."

"Injin ne ya haukace," in ji Kawu. Ya zo ya ɗan bubbuga bayan na'urar da tafin hannu, kamar yadda yake yi wa rediyon motarsa. "Na rantse miki, yaron nan ya fi ni kai nesa ba kusa ba."

"Yakan faru," matar ta ce a hankali. Yanzu biron yana tafiya. Ba da mugunta take rubutu ba, fuskarta ma tausayi ne a kanta, kuma tausayin ya fi komai tsorata shi.

Kawu bai san maganar rana ba. Shi dai ya san caji da maɓallin kunnawa. Mutum biyu ne a ɗakin suka sani, ɗaya kuma ba shi da bakin faɗa. Wendell ya juya ido ga mahaifiyarsa.

Tana tsaye da butar gahawa a hannu. Ta dubi tagar, ta dube shi. Ya ga ta gane. Shekara tara take tura kekensa zuwa inuwa a duk inda suka je, ta san wannan kamar yadda ta san hanyar kicin. Abin da kawai za ta yi ta samu abin da ta nema a kotu shi ne ta yi shiru. Ba sai ta yi ƙarya ba. Wani tunani ya gifta masa, mai muni, cewa ko da gangan ta cire labulen. Ya kore shi, ya dawo.

Ta sunkuya ta ƙara wa baƙuwar gahawa. Ta ƙara wa Kawu. Ta ajiye butar a kan 'yar tabarmarta, ta gyara mata zama. Biro yana ta tafiya.

"Rana ce," in ji Mama.

Madam Tollefson ta ɗago.

"Rana ce ta makantar da kyamarar. Ba shi ba ne. Ni na cire labule, yana can cikin inji a jiƙe." Muryarta a bushe take, kamar mai karanta takardar magani. "Ko an kai shi ɗaki yanzu, idonsa ya riga ya yi ruwa, sai ya huta rabin awa kafin ta sake gane shi."

Matar ta dubi agogo. "Zan iya rubuta cewa na'urar ta samu matsala. Amma zama a gaban alƙali ranar Laraba ne, ban san ko zan samu dawowa kafin nan ba."

Mama ta zagaya bayan keken, ta zura hannu a aljihun da ke jikin kujerar, ta zaro wani kwali da aka lulluɓe da leda, gefensa duk ya tauye. Allon haruffa ne, wanda suke magana da shi kafin a samu na'urar, kuma har yanzu shi ne na wurin wanka da na cikin mota. Layi biyar, kowane ya fara da wasali.

"Ni zan riƙa kiran layi," ta yi wa matar bayani. "Idan ya ɗaga ido sama, shi ne eh. Idan ya kai gefe, a'a. Daga nan in bi haruffan layin."

"Ke ce mai neman riƙon, Madam Heikkila."

"Na sani."

"To ki zauna inda zan riƙa ganin idonsa da kaina. Kuma don Allah kada ki ƙarasa masa kalma, ko kin gane ta."

Kawu ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Lorna kada ta ƙarasa wa mutum magana? Yau za mu ga abin al'ajabi."

"Yaya, tsaya a tagar nan ka tare mana rana. Ka yi amfani ko sau ɗaya."

Ya je ya tsaya, ya buɗe faffaɗar rigar sanyinsa da hannu biyu kamar shaho. Inuwarsa ta sauka a fuskar Wendell. Mama ta goge masa ido da gefen hannun rigarta, ta ja kujera ta zauna gab da shi, gwiwarta tana taɓa tasa.

"Maimaita tambayar," ta ce.

Matar ta maimaita.

"A. E. I." Ya ɗaga ido. "I, J, K, L, M." Ya ɗaga. "M," in ji Mama, matar ta rubuta. "A. E. I. O. U." Sama. "U ɗin ce?" Sama.

Ya ga kalmar ta iso bakinta, ya ga ta danne ta da haƙori. Suka bi R, suka bi Y, suka bi A.

"Murya," in ji Madam Tollefson, tana karanta abin da ta rubuta. Idonta ya kai kan na'urar, ya dawo kansa. Bai ga laifinta ba. Likitoci biyu sun taɓa yi masa irin wannan kallon: wanda ba ya magana, ina ruwansa da murya?

"Yana da murya," in ji Mama, ba ta ɗago daga kwalin ba. "Yana dariya. Idan ya ji zafi yana kira na. Wannan yake nufi, ba ta injin ba." Sai ta dube shi. "Na yi shisshigi?"

Ya kai ido gefe. A'a.

Bai taɓa gaya mata wannan ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba cewa duk lokacin da dariya ta kufce masa, sirirar muryar da ke fitowa ita ce kaɗai sautin da yake nasa na kansa, kuma ita ce ba ta yi kama da shi ba.

Ya ci gaba. Gashin fuska. Wataƙila haihuwa. Matar ta tambayi abin da ya shafi lalurarsa, ya ce ba a da tabbas yadda allurar za ta yi da sandarewar jijiyoyinsa, likita ta ce sai an fara da kaɗan ana dubawa. Wannan amsar ta ci minti tara. Hannuwan Kawu suka gaji, ya ce shi fa ba a haife shi don aikin labule ba, babu wanda ya kula shi. Ƙarfe biyu ta wuce. Madam Tollefson ta dubi agogo, ta cire shi daga hannu ta kifa a tebur.

"Ta ƙarshe. Kana so kotu ta ba mahaifiyarka riƙonka?"

Gefe.

"Me ya sa?"

Mama ta gyara riƙon kwalin. "A." Suka fara. B, A. N, A. S, O. T, A. Kowane harafi da bakinta take faɗa, muryar tana ƙara yin ƙasa. Ba na so ta. Suka samu S, suka samu A.

"Ba ya so in sa baki," ta ce, ta kifa kwalin a cinyarta. "Rubuta kawai. Ba ya so in ƙara sa baki a rayuwarsa. Shekara goma sha takwas ina juya ki sau uku kafin gari ya waye, Linnea, ina sanin numfashinki daga wani ɗaki, yanzu kuma..."

"Lorna," in ji Kawu daga taga.

Wendell ya kai ido gefe, ya sake kaiwa, har wuyansa ya bi. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa.

"Ina ganin a'a yake cewa," in ji Madam Tollefson. "Ni abin da na rubuta shi ne 'ba na so ta sa'. Saura ban gani ba."

Mama ta ja numfashi. Ta goge hanci da bayan hannu, abin da take hana kowa yi. Ta ɗaga kwalin.

"Yi haƙuri. Wendell. A. E."

Sama.

"E, F, G, H."

Sama.

Hannu. Ba na so ta sa hannu. Suka ci gaba, harafi bayan harafi, babu mai motsi sai biro. Idonsa yana zafi, bayansa ya jiƙe da gumi, sau biyu yana ɓata lissafi suna komawa farkon kalma. Mama ba ta ƙara yin gaba da shi ba ko da taku ɗaya. Da suka gama, ba ta iya haɗa jimlar ba, don hankalinta yana kan haruffa. Matar kotun ce ta karanto.

"Ba na so ta sa hannu a kan abin da ba ta yarda da shi ba. In kuskure ne, ya zama nawa."

Kawu ya sauke hannuwa, rana ta dawo.

"In kuskure ne," in ji Mama, "ni zan riƙa yi maka wanka a cikinsa."

Sama. Ya sani.

Madam Tollefson ta rufe jakarta, ta ɗaura agogo. Ta ce za ta rubuta abin da ta gani, da maganar rana, da wanda ya riƙe kwalin. Ta tsaya a gaban keken ta ce, "Na gode, Wendell," ta karɓi biskit biyu da Mama ta naɗe mata a takarda. Daga inda yake yana jiyo su a bakin ƙofa.

"Idan mutum yana so ya janye takarda fa?" in ji Mama.

"Lauyanki zai rubuta wa kotu."

"Tambaya kawai na yi."

"Na gane."

Mota ta tashi. Mama ta dawo ta fara tattara kofuna, ta kai kicin, ta dawo babu komai a hannu, ta tsaya a tsakiyar falo.

"To ka ce ka sa hannu," ta ce masa. "An ba ka kwalbar maganin, an ba ka sirinji. Wa zai yi maka? Wannan hannun naka?"

Wannan ma ya sani. Shi ne abin da bai adana a ƙarƙashin kowane maɓalli ba, don bai samo masa amsa ba. Doka za ta iya ba shi sa hannu, ba za ta ba shi yatsu ba.

"Ni mana," in ji Kawu, yana murza kafaɗa. "Shekara huɗu ina yi wa karyata allurar ciwon suga, safe da yamma. Ba ta taɓa kai ƙarata ba."

"Yaya, ɗana ba kare ba ne."

"Shi ya sa zai fi sauƙi. Tsoho ba ya cizo."

Dariya ta kufce wa Wendell, sirirar nan, har kansa ya faɗa baya. Mama ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallonsa har ya gama, ta zo ta gyara masa kai a kan matashi. Sannan ta ɗauki wayarta daga kan tebur, ta nemo lambar lauyanta, ta tsaya a inda zai ji. Ba a ɗauka ba, sai saƙo ta bari.

"Lorna Heikkila ce. Maganar ranar Laraba. Ina so a janye takardar. A kira ni gobe da safe."

Ta ajiye wayar, ta zauna a kujerar da ke gabansa kamar wadda ta sauke buhu.

"Kada ka ɗauka na yarda da allurar nan. Ban yarda ba. Wataƙila ba zan taɓa yarda ba, kuma hannuna ba zai yi ta ba."

Sama.

"Kuma akwai wata takardar da za ka sa wa hannu, wadda za ta sa asibiti su bar ni in shiga idan an kwantar da kai. Wannan ba roƙo nake ba."

Sama.

"Ranar da za ka ga likitar, da ni za a je. Ina da tambayoyi, kuma ba za ka riƙa juya mini ido a gabanta ba."

Ya kalli kwalin da ke kan tebur. Ta ɗauko shi.

"A. E. I." Sama. "I, J, K, L, M, N." Sama. Suka samu A, suka samu W. Ta jira har ya ba ta A ta ƙarshe.

"Nawa?" ta ce. "Goma sha ɗaya. Zuwa ranar za su ƙaru."